Dilip Kumar: Ɗan Mai Sayar Da Kayan Marmari Da Ya Ɓoye Sunansa

Wata rana cikin shekarar 1947, wani dattijo mai suna Basheshwarnath Kapoor ya tafi kasuwar Crawford ta birnin Bombai, ya kama hannun tsohon amininsa Lala Ghulam Sarwar Khan, mai sayar da kayan marmari, ya ce ya taso zai nuna masa wani abu. Su duka biyu mutanen Peshawar ne, neman abinci ne ya kawo iyalansu wannan birni na bakin teku. Sarwar Khan kuwa ya daɗe yana yi wa abokin nasa tsiya, wai ɗansa Prithviraj ya rasa sana'ar da zai kama sai wasan sinima, abin da ɗan gidan mutunci ba ya yi. Da suka ɗan taɓa tafiya sai dattijon ya tsaya gaban wani ƙaton allon talla na sabon fim mai suna Jugnu, ya nuna masa da yatsa. Sunan da aka rubuta a jikin allon shi ne Dilip Kumar, amma fuskar, ko shakka babu, ta ɗansa Yusuf ce.

Shi Yusuf ɗin ne ya ba da wannan labari da kansa a cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014. Duk wanda ya taɓa yin layin tikiti a sinimar Plaza ko Marhaba a Kano, ko Pen Cinema ta Agege a zamanin da take ci, ya san fuskar nan, domin tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen sinima suka fara shigo da fina-finan Indiya ƙasar nan, jama'a kuwa suka karɓe su hannu biyu-biyu. Amma ba kowa ya san cewa sunan da ake kiran mutumin da shi na aro ba ne, kuma ya ɗauke shi har tsawon shekara saba'in da ɗoriya.

DAGA PESHAWAR ZUWA BOMBAI

An haifi Muhammad Yusuf Khan ran 11 ga Disamba, 1922, a unguwar kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar, watau kasuwar masu ba da labari, inda fatake kan sauka su sha shayi su yi hira. A lokacin duk yankin yana ƙarƙashin mulkin Ingila, babu Pakistan tukuna. Su goma sha biyu ne wurin mahaifinsu, sunan mahaifiyarsu A'isha. Cikin shekarun 1930 uban ya kwashe iyalinsa zuwa Bombai, wanda tun 1995 ake kira Mumbai, don a can cinikin kayan marmari ya fi tafiya. Yusuf ya yi karatu a makarantar Barnes ta garin Deolali, inda uban yake da gonar itatuwa, sa'an nan ya shiga kwalejin Khalsa a Bombai. Abin da ya fi sha'awa a lokacin shi ne ƙwallon ƙafa, kuma yaro ne mai tsananin kunya.

Wajen 1940 wata 'yar magana ta haɗa shi da mahaifinsa, ya ɗauki jakarsa ya tafi garin Puna ba tare da ya san kowa ba. Turancin da ya iya ne ya taimake shi ya sami wurin kafa tebur a kulob ɗin sojojin Ingila, yana sayar da burodi da busassun 'ya'yan itatuwa. Bai koma gida ba sai da ya tara rupi 5,000.

Yana cikin neman abin yi ne a 1942 wani masani nasa ya kai shi kamfanin fim na Bombay Talkies, wurin shugabarsa Devika Rani. Ta dube shi, ta ji yadda yake magana da harshen Urdu tsantsa, ta ce za ta ɗauke shi a kan albashin rupi 1,250. Yusuf ya zaci kuɗin shekara take nufi, sai da aka koma aka tambaya aka tabbatar masa cewa na wata ne. Ita ce kuma ta ba da shawarar a sake masa suna. A wata hira da aka yi da shi a 1970 ya faɗi dalilin da ya sa ya yarda: tsoron dukan mahaifinsa. Ba shi kaɗai ba ne a zamanin. Mumtaz Jehan ta zama Madhubala, Mahjabeen Bano ta zama Meena Kumari, Badruddin Kazi ya zama Johnny Walker, Hamid Ali Khan ya zama Ajit.

Fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, ya fito a 1944, bai yi kasuwa ba, wannan kuwa ya taimaka asirinsa ya rufu a gida. Jugnu ne ya tona shi. Uban ya yi fushi ƙwarai, ya daina yi masa magana, har sai da Prithviraj Kapoor, wanda dā ake yi wa gori, ya je gidan ya ba da baki.

A cikin watan Agusta na wannan shekara ta 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, aka yi kashe-kashe masu yawa, miliyoyin mutane suka yi ƙaura. Peshawar ta faɗa cikin Pakistan. Noor Jehan, wadda suka yi Jugnu tare, ta tattara ta koma can. Iyalin Sarwar Khan suka zauna a Bombai. Daga ranar, garin da aka binne cibiyar Yusuf ya zama wata ƙasa dabam.

SARKIN BAƘIN CIKI

Kafin zuwansa, yawancin 'yan wasan Indiya daga dandalin wasan kwaikwayo suka fito, suna ɗaga murya suna watsa hannuwa. Shi kuwa sai ya zo da magana ƙasa-ƙasa, ya yi shiru inda ake zaton zai yi ihu, ya bar idonsa ya ƙarasa zancen. Ba ya karɓar aiki barkatai, shi ya sa a shekara hamsin da huɗu da ya yi yana wasa fina-finansa wajen 60 ne kawai, alhali wasu na bayansa sun yi ɗaruruwa. In ya karɓa kuwa sai ya ga ƙarshen abin. Saboda waƙa guda a fim ɗin Kohinoor na 1960 ya zauna watanni yana koyon kaɗa sitar, wata irin garayar Indiya mai tsirkiya da yawa, don kada a nuna yatsun wani a ce nasa ne.

Bayan Shaheed da Mela na 1948 sai Andaz na 1949, inda ya fito tare da Nargis da abokin ƙuruciyarsa Raj Kapoor, jikan dattijon nan da ya tona masa asiri. Daga nan ya yi ta fitowa a matsayin masoyin da ba ya samun abin da yake so: makaho a Deedar na 1951, mashayi a Daag na 1952, sa'an nan Devdas na 1955, labarin saurayin da ya kashe kansa da giya bayan an aurar da masoyiyarsa. Jaridu suka laƙaba masa Sarkin Baƙin Ciki. Da aka fara ba da kyautar Filmfare a 1954, shi ne na farko da ya karɓi ta gwarzon ɗan wasa, saboda Daag, kuma ya karɓe ta har sau takwas a rayuwarsa.

Amma fa abin ya taɓa shi. Yawan shiga rigar masu baƙin ciki ya sa baƙin cikin ya fara bin sa gida, har ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, wanda ya ba shi shawarar ya riƙa surkawa da wasannin raha. Dalilin da ya sa ke nan aka gan shi yana ba da dariya a Azaad na 1955 da Kohinoor, da kuma Ram Aur Shyam na 1967, inda ya fito a matsayin tagwaye, ɗaya matsoraci ɗaya jarumi.

SHARI'AR DA TA RABA SU

Tun a fim ɗin Tarana na 1951 soyayya ta shiga tsakaninsa da Madhubala, har ana maganar aure. A 1956 darekta B. R. Chopra ya ɗauke su su biyu don fim ɗin Naya Daur, labarin mai keken doki da ya yi tsere da motar haya don kada injin ya raba talakawan ƙauyensu da abincinsu. Da aka zo tafiya ɗaukar hoto a wajen gari, mahaifin yarinyar, Ataullah Khan, ya ce 'yarsa ba za ta je ba. Chopra ya sa Vyjayanthimala a madadinta, magana ta kai kotu, Dilip Kumar kuwa ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Nan zancen aure ya mutu.

Abin tausayi shi ne a lokacin suna tsakiyar aikin Mughal-e-Azam na darekta K. Asif, inda shi ne Yarima Salim, ita ce baiwa Anarkali, Prithviraj Kapoor kuma shi ne Sarki Akbar. Haka suka ƙarasa fim ɗin, a gaban kyamara masoya, a bayanta ko gaisuwa ba sa yi. Fim ɗin ya fito ran 5 ga Agusta, 1960, kuma babu wanda ya kama ƙafarsa wajen tara kuɗi sai Sholay a 1975. Madhubala ta rasu a 1969 da ciwon zuciya tana da shekara 36.

A 1961 ya zuba kuɗinsa ya shirya Gunga Jumna, shi ɗan fashi, ƙanensa na jini Nasir Khan ɗan sanda. Hukumar tace fina-finai ta riƙe shi watanni tana neman a yanke wurare da yawa, sai da ya kai kuka wurin Firayim Minista Nehru aka sake shi. A wannan zamanin ne kuma darektan Ingila David Lean ya nemi ya fito a matsayin Sharif Ali a fim ɗin Lawrence of Arabia, ya ce a kai kasuwa, aka ba Omar Sharif na Masar.

Ya auri Saira Banu ran 11 ga Oktoba, 1966, yana gab da cika shekara 44, ita tana da 22. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya ƙara aure a 1981, amma auren bai wuce shekara biyu ba. Bayan Bairaag na 1976 ya huta shekara biyar, sa'an nan ya dawo a matsayin dattijo a Kranti na 1981, da Shakti na 1982 inda ya zama uban Amitabh Bachchan, da Karma na 1986, da Saudagar na 1991. Qila na 1998 shi ne na ƙarshe.

NA INA NE?

Indiya ta girmama shi. An naɗa shi Sharif na Bombai a 1980, muƙamin girmamawa na shekara guda, an ba shi lambar Padma Bhushan a 1991, da kyautar Dadasaheb Phalke a 1994, wadda ita ce mafi girma a harkar fim ta ƙasar. Duk da haka tambayar nan ta asali ba ta rabu da shi ba. Lokacin tarzomar Bombai ta ƙarshen 1992 da farkon 1993, bayan rushe masallacin Babri, ya mai da gidansa wurin tara agaji ga waɗanda aka ƙona wa gidaje, wasu kuwa suka riƙe shi da wannan a zuci.

Ya sami komawa Peshawar a 1988, jama'a suka yi dafifi don ganinsa, ya yi musu magana da Hindko, harshen da ya tashi da shi. A 1998 gwamnatin Pakistan ta ba shi Nishan-e-Imtiaz, babbar lambar girmamawarta ta farar hula. Da yaƙin Kargil ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1999, jam'iyyar Shiv Sena ta Bal Thackeray ta ce lalle ya mayar da lambar in dai shi ɗan Indiya ne na gaskiya, 'yan jam'iyyar suka yi ta zanga-zanga a ƙofar gidansa. Tsoho mai shekara 76, wanda ya yi fiye da shekara sittin a birnin, aka wayi gari ana neman ya kawo shaidar cewa shi ɗan gari ne. Ya tafi Delhi ya ga Firayim Minista Vajpayee, wanda ya bayyana cewa babu mai shakkar kishin ƙasarsa, kuma shawara tana hannunsa. Bai mayar ba. Shekara ta gaba aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan Indiya, ya zauna daga 2000 zuwa 2006, a 2015 kuma aka ƙara masa lambar Padma Vibhushan.

Ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, Saira Banu na jinyarsa. Ƙannensa biyu, Aslam da Ehsan, sun rasu a 2020 da cutar korona. Shi kuma ya cika ran 7 ga Yuli, 2021, a wani asibiti a Mumbai yana da shekara 98. Aka lulluɓe makararsa da tutar Indiya, aka binne shi da yamma a maƙabartar Musulmi ta Juhu. A Peshawar kuwa, mutanen unguwarsu suka taru kusa da tsohon gidan mahaifinsa, wanda gwamnatin Pakistan ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 2014, suka yi wa Yusuf Khan sallar gawa daga nesa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.