Ja da Baya ga Rago Ba Tsoro Ba Ne: Cacar Ƙwallo a Birnin Kebbi da Argungu

A wani gidan kallon ƙwallo da ke Birnin Kebbi, na zauna kusa da wani ɗan acaɓa da ya zuba kuɗin aikinsa na wuni a kan wasanni goma. Tara sun ci, saura ɗaya. Wayarsa ta nuna masa cewa yana iya karɓar wani kaso na kuɗin ya fita kafin a tashi wasa. Abokinsa ya dafa shi ya ce, "Mutumina, karɓi wannan mu tafi." Ya girgiza kai ya ce ai wannan wasan a aljihu yake. Saura 'yan mintuna aka farke ƙwallo, tikiti ya yanke. Ban manta yadda ya riƙe makullin babur ɗinsa yana kallon ƙasa ba.

Abin da ya same shi ne ke cin matasanmu da yawa. Tikitin da ake shakkarsa ba ya talauta mutum, domin kuɗi kaɗan ake sa masa. Wanda aka sakankance da shi ne ke cinye jari.

Dalilan yaɗuwar wannan caca a bayyane suke. Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma Suratul Ma'ida ta haramta caca ƙarara. A da, ɗan karta sai ya laɓe a kango ko bayan tasha, idon jama'a na tsare shi. Daga lokacin da kamfanoni irin su Bet9ja, wanda aka kafa a 2013, suka shiga waya, sai shagon caca ya koma aljihu. Tura kuɗi ta waya ya sauƙaƙa komai. Tsadar rayuwa tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 ta ƙara wa matasa kwaɗayin samun dare ɗaya. A Argungu kuwa, lokacin da kuɗin shinkafar rani ke shiga hannun samarin fadama, jarabar takan fi ƙarfi.

Amma akwai dalilin da ke cikin zuciya. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a ran mutum. Shi ya sa wanda aka cinye yake komawa ramuwa, wanda kuma ya ga miliyan a allon waya yake jin kamar ta riga ta zama tasa, karɓar rabi sai ya zame masa asara.

Lissafi kuma ba ya goyon bayansa. Ko da kowane wasa yana da damar ci 80 cikin 100, in aka jera goma a tikiti ɗaya damar takan sauko zuwa kimanin 11 cikin 100. Waɗanda suka dogara da Ajantina ranar 22 ga Nuwamba 2022 sun gani da idonsu, Saudiyya ta doke ta 2 da 1 a Ƙatar.

Har su kansu gwanayen karta sun san haka. A manyan gasannin foka, wani nau'in karta, irin wadda ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970, wanda kuɗin wasansa ya ƙare ya fita ke nan. Saboda haka idan an kusa kaiwa matakin rabon kyauta, ƙwararre yakan ajiye kati mai ƙarfi, domin ya san zama cikin gasar ya fi cin zagaye ɗaya. In masu cin abinci da caca na tsoron katinsu mai kyau, ina ga yaron da ya ɗora kuɗin taki a kan ƙafar wani ɗan wasa a Ingila?

Illar ba ta tsaya ga mai yi ba. Kuɗin cefane ne ke tafiya, da kuɗin makaranta, da balas ɗin mai babur. Daga nan sai bashi, sai ƙarya, sai taɓa kayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a jihohi, ta bar musu ikon tsara lamarin. Wuƙa da nama na hannun Kebbi yanzu. Sai dai rufe shago ba ya rufe waya. Dole malamai, iyaye da shugabannin ƙungiyoyin sana'a su zaunar da matasa, su nuna musu lissafin a fili, su kuma karɓi wanda ya tuba ba tare da gori ba.

Masuncin kogin Matan Fada na Argungu da ya ga ruwa ya fi ƙarfinsa yakan ja gorarsa ya fito gaɓa, kuma ba wanda ke kiransa matsoraci, domin gobe ma zai shiga ruwa. Wannan hankalin ne nake roƙa wa ƙannenmu: su tashi tun da sauran abin komawa gida da shi.