SARARI FANKO BA SHI NE "BABU" BA

 Daren Alhamis bayan Lisha, wani ɗan'uwanmu da ke karatun kimiyyar fizik a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya tarar da mu a zaure nan Tudun Wada. Ya ce, "Allah gafarta Malam, masana sun gano cewa abu yana fitowa daga babu." Wani Alhaji mai sayar da yadi ya ce ko kusa ba zai yarda ba. To, maganar tana da tushe, amma kalmar "babu" ce aka ɗora inda ba muhallinta ba.

A 1915 Albert Einstein ya bayyana cewa wuri da zamani a haɗe su ke kamar tabarma guda, kuma duk abu mai nauyi yana lanƙwasa ta. An jarraba wannan a nan kusa da mu, a tsibirin Principe da ke tekun Gini. Ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurari, aka ga haskensu ya ɗan karkace da ya ratsa ta gefen rana.

Sa'an nan ga ilmin kwantum, watau ilmin ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Shi kuwa cewa ya yi, ko an kwashe kome da kome daga wani wuri, har iska da haske, akwai sauran wani ɗan kaɗawa da ba ya yankewa. Muddin sararin yana zaune lafiya, wannan kaɗawa ba ya haifar da kome. Amma ku dubi tsirkiyar baka. In aka ɗaure ta sannu a hankali, shiru za ka ji. In aka fizge ta farat ɗaya, sai ta yi amo. Haka sarari ya ke. Idan ya miƙe da gaggawa, sai kaɗawar nan ta zama ƙwayoyi na sosai, suna fitowa biyu-biyu. Leonard Parker na Amurka ya fitar da lissafin wannan a 1968 game da buɗewar sararin samaniya.

A 1974 Stephen Hawking na Ingila ya kai maganar ga baƙin rami, watau gawar babban tauraro da ya rufta cikin kansa har haske ba ya iya kuɓuta. Ya nuna cewa a bakin ramin ɗaya ƙwayar takan faɗa ciki, ɗayar ta tsere waje. A nan ne na ce wa Alhaji ya buɗe littafin ciniki. Wa ya biya kuɗin ƙwayar da ta tsere? Ramin ne, daga uwar kuɗinsa, domin nauyinsa raguwa ya ke yi daidai da abin da ya fita. Ba kyauta a ciki.

Malamanmu na ilmin kalam sun daɗe da rarrabe "khala'u", wurin da ba kome cikinsa, da "adamu", rashin samuwa ɗungum. Ash'arawa sun tabbatar da samuwar na farkon, Ibn Sina ya musa. Sararin da masu fizik ke nufi yana da faɗi, yana da ƙa'idoji, yana lanƙwasa, yana kaɗawa. Abin da ke da waɗannan siffofi ai ba a ce masa babu.

Ya kamata kuma a sani, har Hawking ya rasu a 2018 ba a ga wannan haske nasa da na'ura ba, har yau kuwa ba a gani ba. Dalili shi ne, ramin da ya kai nauyin rana zafinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri guda bisa matuƙar sanyi ba, alhali sararin da ke kewaye da shi yana da digiri 2.7. Saboda haka abin da irin wannan rami ke haɗiya a yanzu ya fi abin da ya ke fitarwa nesa ba kusa ba.