Ƙarin muƙamuƙi: wa ya ce gwaji ne ke watsa shi?

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp, ya faɗo zauren danginmu, ya faɗo na unguwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, balle inda ya koyi aikin likita, amma ya yanke hukunci: duk wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya kumbura, kada ya kuskura ya bari a gutsuri naman don gwaji. Wai daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai watsu.

Sauran maganganunsa ba sa buƙatar dogon zance. Wai kara waya a kunne ke kawo shi: babu hujja. Wai cire haƙori ne sila: galibi ƙarin ne ya riga ya cinye ƙashi har haƙorin ya fara girgiɗi, shi ya sa aka cire. Abu ɗaya ya faɗa daidai, irin wannan kumburi yakan daɗe bai yi zafi ba.

Maganar gwajin ce ke cutar da mutane. Da farko, ba kowane ƙari ne daji ba. Wanda likitocin haƙori suka fi cin karo da shi a ƙasar nan cikin ƙarin da ke tasowa daga tushen haƙori shi ne amilobilastoma, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, yawanci ga samari da magidanta. Da wuya ya tsallaka wani sashe na jiki. A inda yake zai zauna yana rarake ƙashi shekara da shekaru, har ƙashin ya yi siriri, in an danna ya loɓa. A hoton ƙashi yakan fito rami-rami kamar kumfar sabulu.

Akwai kuma na yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Shi wannan daji ne na gaske, yana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro, kuma yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma maganinsa ba yanka ba ne, magungunan daji ake sa wa yaro ta jijiya, sau da yawa kumburin ya saɓe cikin 'yan kwanaki. To ta yaya za a bambance wanda ake yankewa da wanda ake yi wa ƙarin ruwa? Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an gutsuri ɗan nama an duba a ɗakin gwaji. Yiwuwar wannan ɗan gutsure ya watsa ciwo kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai haɗarin zama cikin duhu ba.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata saƙon ba. Wani ya ga ɗan'uwansa an yi masa aiki, bayan shekaru abin ya dawo. Hakan na faruwa, musamman in kankare ƙarin kawai aka yi. Shi ya sa likitoci ke yankewa har da lafiyayyen ƙashi kimanin santimita 1 zuwa 1.5 a kewaye, su cike gurbin da ƙarfen taitaniyam da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu, haƙarƙari ko gefen ƙwauri, sannan a ci gaba da zuwa asibiti ana dubawa shekaru da dama. Wani kuma sai da ya gama da jiƙe-jiƙe, shafe-shafe da sakiyar wanzami, baki ya karkace, tuwo ya gagara, sannan aka kai shi asibiti. In ta ƙare ba daɗi, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da jinkiri ya yi. Shi dai mai saƙon ya tura abinsa ya kwanta, ba shi zai yi jinya ba.

Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. Kumburin da ya wuce mako biyu bai saɓe ba, ko haƙora na girgiɗi haka kawai, ko leɓen ƙasa ya mutu, a je a ɗauki hoto, in an nemi gwaji a yarda. In kuwa yaro ne kuma kumburin na ƙaruwa kullum, kada a jira mako biyun.