GARA, FUMFUNA DA ƘARANCIN KUƊI: ABOKAN GABAR LABURAREN JAMA'A

Gabatarwa

Idan aka ambaci matsalolin laburaren jama'a a ƙasar nan, abin da ke fara zuwa a zuciyar mutane shi ne rashin sababbin littattafai. Wannan kuwa gaskiya ne, amma akwai wata asara da ta fi shi muni, wato lalacewar littattafan da aka riga aka mallaka. A idon ɗalibi, littafi ilmi ne. A wurin gara da kyankyaso da fumfuna kuwa, littafi abinci ne da aka jera a kan kanta, ana jiran mai ci. Duk ranar da kuɗin kula da laburare ya yanke, to a ranar waɗannan halittu suke fara aikinsu. Wannan maƙala za ta duba yadda laburaren jama'a ya samu a Arewacin Nijeriya, da ayyukan da yake yi, da yadda ilmin halittu ya bayyana abin da ke samun littafi idan aka yi sakaci da shi.

Asalin Laburaren Jama'a a Arewa

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa malaman Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato suna da tarin littattafan da aka rubuta da hannu, suna adana su cikin tadarishi da gafaka. Sai dai waɗannan mallakar gida ce, malami da almajiransa ne ke amfana da su. Laburaren da kowa zai shiga ba tare da neman iznin mai gida ba ya samo asali ne daga ɗakunan karatu da hukumomin En'e suka buɗe a shekarun 1940, inda ake ajiye jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo domin jama'a su san labarin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatu na larduna. A 1953 Hukumar UNESCO ta shirya taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, taron da ya zaburar da gwamnatocin wancan lokaci. An kafa Laburaren Ƙasa a 1964, sa'an nan a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen horar da ma'aikatan laburare a Zariya. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, aka raba kayan laburaren Kaduna tsakanin jihohi shida na Arewa, daga nan ɗawainiyar laburaren jama'a ta koma wuyan gwamnatocin jihohi.

Ayyukan laburaren jama'a sun wuce ba da aron littafi. Akwai sashen bincike inda ake samun ƙamus da kundayen ilmi da taswirori, da sashen yara, da sashen jaridu da mujallu, da wurin zama mai natsuwa ga masu shirin jarrabawar kammala sakandare ko ta shiga jami'a. Wasu suna da kwamfutoci da intanet. Ga ɗalibin da iyayensa ba su da halin saya masa littafin kimiyya, kuma gidansu ba wutar lantarki ba wurin keɓewa, laburare shi ne makaranta ta biyu.

Inda Kuɗin ya Maƙale

A 1985 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986 sai darajar naira ta fara zubewa. A 1993 dala ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, a 2024 kuma ta haura naira 1,500. Tun da yawancin littattafan kimiyya daga waje ake sayo su, kuma masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe a shekarun 1990, sai littafi ya yi tsadar da laburare ba ya iya bi. A jihohi da dama, abin da ke isa hannun hukumar laburare bai cika wuce albashin ma'aikata ba. Hatta ginin hedkwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, har zuwa 2024 ba a kammala shi ba.

Kuɗin da ake fara yankewa kuwa shi ne na ƙananan hidimomi: gyaran kwanon da ke yoyo, da sauya gilashin taga, da sayen zare da gam na ɗinke littafi, da biyan mai shara. Ba wanda ke yanka kirtani saboda an toshe ɓular rufi, don haka ba a cika damuwa da ita ba. To amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa Littafi ya Zama Abinci?

Takarda daga tsiro ake yin ta. Babban sinadarin da ke cikinta shi ne selulos, wato wata doguwar sarƙa ta ƙwayoyin sukarin gulukos da suka haɗu da juna. Shi ne ke ba karan dawa da zaren auduga ƙarfi. Cikin ɗan Adam ba ya iya narkar da selulos, amma akwai halittun da ke da hanyar tsinka wannan sarƙa su sami sukari. Bayan selulos, a jikin littafi akwai sitaci da gam da aka manne bango da su, da zare, da ƙyalle, wani lokaci da fata. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da mai cinsa.

Gara

Gara ita ce babbar abokiyar gabar littafi a ƙasashe masu zafi. Wasu nau'o'inta suna ɗauke da ƙananan halittu a hanjinsu, waɗanda ke narkar musu da selulos. Nau'in da ke gina manyan suri a dazukan ƙasar Hausa, wanda masana ke kira Macrotermes, wata dabara yake yi: yana noma wani irin fumfuna mai suna Termitomyces a cikin gidansa. Ma'aikatan gara su kwaso itace ko takarda, fumfunan ya ruɓar da shi, sa'an nan gara ta ci. Sarauniyar irin wannan gida tana iya yin ƙwai dubbai a rana guda, wato bakunan da ke jiran abinci kullum ƙaruwa suke yi.

Jikin gara ba ya jure iska mai bushewa, shi ya sa take gina siraran hanyoyi na laka a jikin bango tana bi ta ciki. Ta tsagar daɓe ko gindin bango take shigowa, ta hau kantar katako, ta shiga littafi ta baya. Sau da yawa takan cinye cikin littafi ta bar bangonsa tsaye, ba a ankara sai ranar da wani ya miƙa hannu ya ɗauko. Fitowar shinge a farkon damina alama ce ta cewa akwai gidan gara a kusa, kuma sababbin gidaje na shirin kafuwa.

Fumfuna da Ƙananan Ƙwari

Ƙwayoyin irin fumfuna, musamman Aspergillus da Penicillium, suna yawo a iska koyaushe, ido ba ya ganinsu. Abin da suke jira kawai shi ne laima. Idan danshin iska ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na wasu kwanaki, sai su tsiro a jikin takarda, su fitar da sinadaran da ke narkar da selulos, su bar tabo baƙi ko kore da wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A watan Agusta danshin iska a Kano da Zariya kan kai wannan mataki har ya wuce, balle a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Illar fumfuna ba ta tsaya ga littafi ba, domin shaƙar ƙwayoyinsa na tayar wa masu ciwon asma ciwonsu.

Inda fumfuna ya tsiro, wasu ƙananan ƙwari da ba su wuce girman kan allura ba sukan biyo shi su yi kiwo. Akwai kuma wani ƙwaro siriri marar fiffike mai ƙyallin azurfa, wanda masana ke kira Lepisma, da ke fitowa da dare yana kankare fuskar takarda don neman sitaci. Kyankyaso na lasar gam ɗin bango ya bar kashinsa, ɓera kuma na yaga shafuka ya yi sheƙa. Ɓurɓushin ƙosai ko gyaɗar da ɗalibi ya ci a ɓoye a bayan kanta gayyata ce ga waɗannan biyun.

Cutar da ke Cikin Takardar Kanta

Ko da an kori kowane ƙwaro, akwai takardar da ke cin kanta. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da tsummokaran auduga da lilin ake yin takarda. Yawancin tsofaffin rubuce-rubucen malaman ƙasar Hausa a kan irin wannan takarda suke, wadda fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Masar; idan aka ɗaga ta a haske akan ga tambarin jinjirin wata uku. Daga baya aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace, wanda ke ɗauke da sinadarin lignin, ana kuma haɗa ta da alif don kada tawada ta watsu. Da tafiyar lokaci waɗannan sinadarai suna haifar da asid, asid ɗin ya riƙa tsinka sarƙar selulos. Shi ya sa jaridar da ta shekara 40 takan yi ja ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye, alhali littafin da aka rubuta shekara 200 da suka wuce yana nan da ƙwarinsa.

Zafi na hanzarta wannan lalacewa. A ƙa'idar kimiyyar sinadarai, ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Selsiyus yakan ninka saurin irin wannan sauyi kamar sau biyu. Masana adana littattafai sun fi son zafin ɗaki ya tsaya wajen digiri 20, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato kan kai digiri 40. Da hunturu kuma danshin iska kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100, takarda ta bushe, gam ya tsage, ƙura ta shiga tsakanin shafuka. Wato littafi a ƙasar Hausa yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, shekara bayan shekara.

Rigakafi ya fi Magani

A da, maganin da aka sani shi ne feshin guba irin su dieldrin da Gamalin 20. An gano cewa waɗannan suna daɗewa a ƙasa da jikin mutum, kuma Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, da ƙarin da aka yi mata a 2009, ta haramta su. Hanyoyin da suka fi aminci ba su da tsada:

1. A ɗaga kantar ƙasa kamar santimita 15 daga daɓe, a kuma janye ta daga jikin bango. Kantar ƙarfe ta fi ta katako.
2. A duba gindin bango kowane mako don neman hanyoyin gara, a toshe tsagar daɓe da siminti.
3. A gyara rufi kafin saukar damina, a bar iska tana ratsa ɗaki, a sa raga a tagogi.
4. A kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, kada a goge littafi da jiƙaƙƙen tsumma.
5. Littafin da fumfuna ya kama a keɓe shi, a shanya a inuwa mai iska, mai gogewa ya rufe hanci da baki.
6. Littafin da ƙwari suka shiga a ƙulle shi cikin leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri na tsawon mako guda, a bar shi ya huce kafin a buɗe ledar.

Malamin kimiyya na iya mai da wannan darasi a aji. A rufe rabin shafin jarida da kwali a ajiye a rana na kwana biyar, ɗalibai su kwatanta launin ɓangarorin biyu. A sa yankan burodi biyu cikin leda daban-daban, ɗaya busasshe ɗaya an yayyafa masa ruwa, a ga wanda fumfuna zai fara kamawa, ba tare da an buɗe ledar ba. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma tana iya ɗaukar nauyin zagaya laburaren garinsu sau ɗaya a wata, ta rubuta abin da ta gani ta miƙa wa ma'aikata.

Darasi daga Wasu Ƙasashe

Dokar laburaren jama'a da aka yi a Ingila a 1850 ta ba garuruwa damar karɓar ɗan haraji don gina laburare da biyan ma'aikata, amma ba ta yarda a sayi littattafai da kuɗin ba. Cikin shekara biyar aka ga kuskuren, aka gyara dokar a 1855. Shi kuwa attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, wanda ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, sharaɗi ya gindaya: duk garin da ke son gini sai ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ya fahimci cewa gina laburare aikin lokaci ɗaya ne, riƙe shi kuwa aikin kullum.

Kammalawa

Abin da laburaren jama'a ya fi bukata shi ne kuɗi tsayayye da ke zuwa kowace shekara, ko da kaɗan ne, wanda aka ware wani kaso nasa musamman don gyara da adanawa. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ke da babban nauyi, amma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hali na iya ɗaukar gyaran rufi ko sayen kantocin ƙarfe. Littafin da aka buga a waje ana iya sake sayo shi idan kuɗi ya samu. Tsohuwar jaridar Hausa, ko rahoton lardi, ko rubutun hannun wani malami da kwafinsa ɗaya ya rage, idan gara ta cinye shi babu kasuwar da za a je a samo wani. Kuɗin buhun siminti ɗaya da 'yan fallayen kwano, idan an kashe su kafin damina, sun isa su hana wannan asara.