Digiri a Kan Ganye da Saiwa: Ina Ɗan Birnin Kudu da Gwaram Zai Dosa?

Duk wanda ya ci kasuwar Sara, ko ya ratsa tashar Birnin Kudu da hantsi, ya san mai motar nan da ke ɗaure da lasifika a rufinta. Jarka ɗaya ce a gabansa, ruwan cikinta baƙi ƙirin, amma a bakinsa tana maganin basir da sanyi da shawara da taifot, har da ciwon suga. Can gefe a inuwa kuma ga 'yar mai ganye ta shimfiɗa buhu, ta jera sassaƙen marke da na maɗaci, ga ɗaurin sabara, ga bagaruwa a ƙwarya. In ka ce mata yaronka na zawon haƙori, sai ta tambayi watanninsa kafin ta miƙa hannu. Waɗannan biyun ba sana'a ɗaya suke yi ba. Akwai kuma na uku da yankin nan ke ƙishirwarsa: wanda ya san abin da tsohuwar ta sani, sannan ya zauna a aji ya koyi yadda ake auna shi.

Ana kuwa yin wannan karatu a jami'a, har a ba mutum digiri. A Afirka ta Yamma Gana ce ta yi fice. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta buɗe digirin farko kan maganin tsirrai tun 2001. Ɗalibi na koyon ginin jikin ɗan Adam da yadda ake gane cuta, kamar ɗan'uwansa mai karatun likita, sannan ya koyi itatuwan. Mutanen Gana suna da cibiyar bincike a Mampong tun 1975, kuma a yau wasu asibitocin gwamnatinsu na da sashen da waɗanda suka gama wannan karatu ke duba marasa lafiya.

A arewacin Nijeriya ƙofa mafi inganci ita ce tsangayar kimiyyar haɗa magunguna. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kowacce tana da sashen da aikinsa shi ne magungunan da ake samu daga tsirrai. Karatun shekara biyar ne zuwa shida. Wanda bai samu wannan gurbi ba yana iya bi ta fannin kimiyyar halittu ko ta sinadarai, waɗanda ake koyarwa nan kusa a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa. Ko ta ina aka bi, sharaɗin bai canza ba: kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi, lissafi, bayoloji, kimistiri da fiziks, sannan a ci jarrabawar JAMB. Yaron da ke gudun kimistiri a aji huɗu na sakandare ya sani cewa da hannunsa yake rufe wannan ƙofa.

To me ake yi a can ɗin? A ɗauki sabara. Matakin farko shi ne tabbatar da cewa sabarar ce, domin suna ɗaya kan hau itatuwa biyu, kuma abin da Bagwarame ya kira da wani suna, Bafulatanin rugar da ke bayan gari na iya kiran sa da wani. Sai a matse reshenta da ganye da fure a takarda, a adana da lamba. Daga nan a shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa a tace, a rarrabe sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. A zuba su a kan ƙwayoyin cuta a ga ko sun mutu. A ba ɓeraye a ga adadin da ke warkarwa da adadin da ke kisa, a duba hantarsu da ƙodarsu. Sai an haye duk wannan ake maganar gwaji a jikin mutum. Babban abin da jami'a ke ƙarawa a kan ilimin kaka da kakanni shi ne awo. Mai magani zai ce a sha kofi ɗaya safe da yamma. Wane kofi? Ganyen damina ne ko na rani? Mai ciki fa? Wanda ke shan maganin hawan jini fa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce digirin.

Wannan hanya ta taɓa haifar da ɗa mai ido. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, ta yi shekaru tana gwaji a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, har aka fitar da Niprisan don rage tashin ciwon sikila. Uku daga cikin kayan haɗinsa huɗu suna nan a kasuwanninmu: masoro, kanumfari da karan dafi. A ƙasar Sin ma, daga wani tsiro ɗan gidan su tazargade Tu Youyou ta ciro sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci ke bayarwa yau, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Karatun yana kuma kashe wata magana da ta zauna a bakunanmu, wai “ai ganye ne, ba ya cutarwa.” Zaƙami ma ganye ne. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon wuta. Al'ada ce da aka gada da kyakkyawar niyya, amma gishirin kanwa na tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Haka nan a daina ruɗuwa da lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya. Galibi abin da take nufi shi ne an gwada ba a ga guba ba. Ba shaida ce ta cewa yana warkar da cututtuka goma sha biyun da aka jera a jiki ba.

Ban da magani akwai ɓangaren abinci, kuma shi ne, a ganina, ya fi gaggawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A ƙasar da ke noma gyaɗa da wake da riɗi, zogale na leƙowa ta kan danga, kuka da ɗorawa na tsaye a gona! Talauci na da kaso babba, ba musu. Amma akwai gidan da hatsi ke rumbu, yaro ɗan wata takwas kuma ba ya samun komai sai tsinkakken koko, wanda zai cika masa ciki ba tare da ya gina shi ba. Abincin tamowa da ake rabawa a asibiti, wanda iyaye mata ke bin dogon layi a kansa, tushensa gyaɗa ce da madara da mai da sukari. Wanda ya karanci kimiyyar abinci mai gina jiki shi ke iya zama da uwa a Basirka ko Babaldu ya nuna mata yadda za ta haɗa gero da waken soya da gyaɗa, ta barbaɗa garin zogale, da abin da ke ɗakinta. Wannan ma digiri ne mai zaman kansa, kuma 'yan mata sun fi kowa dacewa da shi, don su ke shiga har ƙuryar ɗaki.

Sai a yi hattara da masu tallan “digirin likitan gargajiya” na wata uku ta intanet. Kafin uba ya sayar da buhun riɗi ya biya, ya tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da makarantar da kuma shi kansa kwas ɗin. In babu wannan, takardar ba ta kai mutum bautar ƙasa, ba ta kuma ba shi izinin taɓa majinyaci.

Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, har sunansa ya maƙale a sunan da masana suka ba itacen hano. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, kuma wanzamai da maɗora da ungozomomin da suka san dazukan kudancin Jigawa suna ta tafiya da abin da ke kansu, itatuwan kuma suna komawa gawayi. Birnin Kudu na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon jinya, don haka wurin aiki ba zai gagara ba. Ɗaliban yankin da ke neman abin da za su yi bincikensu na ajin ƙarshe a kai, su koma gida su durƙusa gaban waɗannan dattawa da littafi da biro, su nemi izini, su kuma rubuta sunan wanda ya ba su.