Ma'aunin Shuhura a Kundin Wikipedia

Bayan da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe kundin ilmi na Wikipedia, a watan Janairun 2001, suka ba kowa izinin ya rubuta, ya kuma gyara na ɗan'uwansa, marubutan suka hangi cewa kasuwar da ba ta da sarki ba ta daɗewa tana ci; saboda haka suka yi ittifaƙi a kan ƙa'idoji uku: kada mai rubutu ya karkata ga wani ɓangare, kada ya kawo ijtihadin kansa, kada kuma ya faɗi magana sai da madogarar da kowa zai iya komawa ya duba. Wanda ya taɓa zama gaban malaman hadisi, ya ji yadda ake tantance isnadi kafin a karɓi matani, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sharaɗin shuhura kuwa, wanda da shi ake hukunta wa ya cancanci shafi, shi ne a sami amintattun littattafai ko jaridu, waɗanda ba su da alaƙa da mutum, sun yi magana a kansa mai tsawo, ba ambato a kan hanya ba. Wannan ma'auni yana tare mai tallan kansa, amma yakan tare mai haƙƙi. Domin a 2018 an ƙi karɓar tarihin Donna Strickland, masaniyar kimiyya ta Kanada, don ƙarancin madogara, alhali 'yan watanni suka rage a ba ta kyautar Nobel.

In haka ta faru ga wadda ke cikin jami'a, ina ga malamin zaure wanda ya shekara hamsin a kan buzu yana karantar da Ahalari da Iziyya da Risala, almajiransa sun zama limamai da alƙalai, amma jarida ba ta taɓa buga sunansa ba? Almajiri ya rubuta tarihinsa da kyakkyawar niyya, a liƙa wa shafin alamar rashin hujja, a yi kwana bakwai ana muhawara, a goge.

Ba na ganin aibin ƙa'idar, domin abin da aka rubuta kaɗai take iya aunawa. Gibin daga alƙalaminmu yake. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai tsaya ya ambaci malaman ƙasashen nan a Infaƙul Maisuri ba, da sunayen da dama daga cikinsu sun bi su kabari. Wajibi ne 'yan jarida da ɗaliban jami'a su ɗauki takarda su shiga zaurukan nan tun dattawan na da rai, domin abin da suka buga yau shi ne isnadin da za a nema gobe.