Maigida Ya Yi Ritaya: Ina Makomar Katin Asibitin Uwargida?



Yau maganarmu ta shafi duk gidan da maigida ma'aikacin gwamnati ne, musamman wanda ritaya ta kusa. Da yawa muna lissafin fansho da garatuti, amma ba ma lissafin katin asibitin iyali sai ranar da aka je karɓo wa Hajiya maganin hawan jini aka ce sunanta ba ya cikin rajista.

*Yadda tsarin yake*

Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a Najeriya a 2005 da sunan NHIS. A 2022 aka sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA. A tsarin ma'aikata, katin yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Idan an rubuta magani, kashi 10 cikin 100 na kuɗin ake biya.

To ga inda gizo ke saƙar. Matar ba da kanta ta shiga ba, ta dalilin albashin mijinta aka sa ta. Shi kuwa ma'aikacin tarayya yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Da zarar sunansa ya fita daga jerin masu albashi, gudummawar da ake zubawa ta tsaya, katinsa da na matarsa su tsaya tare. Haka abin yake in ya rasu yana bakin aiki. Tsofaffin sojoji suna da nasu tsarin daban, jihohi ma kowace da dokarta, don haka kowa ya tambayi tasa.

Kuma ku duba lokacin da abin ke faɗowa. Shekarun da hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da yanar ido suke sallama ke nan. Sau da yawa matar ta fi mijin ƙuruciya, tana da sauran shekaru masu yawa na buƙatar asibiti a gaba.

*Mai mata fiye da ɗaya fa?*

Tun yana aiki ma mace ɗaya katin ya sani. Ta biyu zuwa ta huɗu sai an yi musu rajistar ƙarin iyali, a biya kuɗi daban. Malam, wannan wurin adalci ne. Kada uwargida ta riƙa ganin likita da kati, amarya kuma a ce ta je kemis, ko a juya. In za a yi, a yi wa kowa. Kuma kada a ba wata katin wata ta je da shi. Ban da ha'incin da ke ciki, fayil ɗin asibiti yana ɗauke da rukunin jini da tarihin ciwon mai shi, ana iya ba mutum maganin da zai cutar da shi.

*Mafita bayan ritaya*

1. GIFSHIP. Shiri ne na NHIA da aka buɗe a 2020 domin waɗanda ba sa cikin tsarin albashi, har da 'yan fansho. Ana biya shekara-shekara, mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya. A nan kowace mata da sunanta take shiga. Ɗa ma yana iya biya wa mahaifiyarsa.

2. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A je ofishinsu a tambayi tsarin 'yan fansho da na masu zaman kansu.

3. In matar ita ma ma'aikaciya ce, tana da haƙƙin katin kanta, har ta sa mijin a ƙarƙashinta bayan ya yi ritaya. Babu abin kunya a ciki, Alhaji.

4. Gidan da babu hali, dokar 2022 ta ambaci tsofaffi da marasa galihu cikin waɗanda gwamnati za ta biya wa. A tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko ana rajista.

*Ya halatta kuwa?*

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta bambance inshorar kasuwanci da ta taimakon juna. Ta hana ta farko, ta halatta ta biyu. Malamai suna kafa hujja da Ash'ariyyawa, waɗanda Annabi (SAW) ya yaba musu saboda in abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa takardar tsarin ya duba masa.

*Kafin ranar ta zo*

Da sauran wata shida, a tambayi ofis ranar da katin zai daina aiki. A yi sabuwar rajista da wuri, domin sabon kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira. A tanadi lambar NIN da hoton kowace mata. A karɓi takardar bayanin ciwo da sunayen magunguna daga likitan da ke duba ta. In garatuti ya fito, a ware kuɗin shekara ɗaya ko biyu tun kafin a taɓa shi.

Sannan don Allah, kada a ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda kati ya tsaya. Habbatus sauda, zogale da man zaitun suna da amfaninsu, amma ba sa maye gurbin ƙwayar da likita ya ɗora mutum a kai. Yanke ta kwatsam yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, jinyar da ta ninka kuɗin rajista sau da yawa.

A tura wa duk wanda ritayarsa ta kusa, da 'ya'yan da iyayensu ke fansho. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyalanmu lafiya. Amin.